Tuban Muzuru a Birnin Firag

Rannan a ɗakin malamai, muna jiran a kaɗa ƙararrawar tashi, wani abokin aikina mai koyar da darasin Gwamnati ya kawo wata magana wadda har yau ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi wai in ana neman shugabannin da suka san mutuncin kansu, to a dubi 'yan kwaminis ɗin Cakoslobakiya na 1989, domin da suka ga jama'a ta daina yi da su sai suka tattara nasu ya nasu suka sauka ba tare da an zubar da jini ba. Har ya ƙara da cewa haka yake faɗa wa ɗalibansa. Wannan na ƙarshen shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kuwa hirar ɗakin malamai iska ke kwashe ta, amma abin da aka zuba wa yaro a aji da shi zai girma.

Bari in fara ba shi gaskiyarsa. Ba a buɗe wa jama'a wuta a Firag ba, alhali a watan Yunin wannan shekara an yi haka a Sin, a watan Disamba kuma fiye da mutum dubu suka mutu a Romaniya. Wannan kam babu musu. Shi ya sa ma ake kiran abin da ya faru Juyin Karammiski. Inda muka raba hanya da malamin shi ne wa ya cancanci yabon.

Ya kai mai karatu, tambayi kanka, wa ya ɗora waɗannan mutane a kan mulki? Tankokin yaƙi ne. A watan Agustan 1968 sojojin Tarayyar Sobiyet da na ƙawayenta suka mamaye ƙasar don murƙushe gyare-gyaren da Alexander Dubcek ya soma. Akwai 'yan ƙasa biyar cikin manyan jam'iyya da suka sa hannu a wasiƙar gayyato baƙin, ɗaya daga cikinsu shi ne Vasil Bilak, kuma asirin ya gama tonuwa a 1992 lokacin da Yeltsin ya miƙa wa Firag takardun. A watan Afrilun 1969 Gustav Husak ya karɓi jam'iyya daga hannun Dubcek. Abin takaici, shi Husak ɗin nan ya san ɗacin zalunci, domin jam'iyyarsa ta ɗaure shi tun 1951, ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 1954, sai 1960 ya fito. Amma da ya hau, sai aka shiga tankaɗe da rairaya, aka fitar da wajen mutum rabin miliyan daga jam'iyya. Wanda ya riƙe rariyar kuwa shi ne Milos Jakes, shugaban hukumar ladabtarwa, wanda ya gaji Husak a shugabancin jam'iyya a Disamban 1987. Dubcek kansa a ma'aikatar gandun daji ya ƙare. Malaman jami'a suka koma masu hura wutar tukunyar ɗumama gidaje da masu wanke tagogi.

Mu marubuta ya kamata mu fi kowa riƙe wannan tarihi. Milan Kundera ya bar ƙasar a 1975, aka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa a 1979. Ludvik Vaculik da keken rubutu ya riƙa fitar da littattafan da aka haramta, ana miƙa su hannu da hannu a ɓoye. Da aka fito da takardar koke ta Yarjejeniyar 77, masanin falsafa Jan Patocka, dattijo, ya rasu a watan Maris na 1977 bayan doguwar tuhumar 'yan sandan ciki. Vaclav Havel, mai rubuta wasan kwaikwayo, ya zauna a kurkuku daga 1979 zuwa 1983, kuma a farkon 1989 ɗin nan da ake yabo an sake ɗaure shi, sai watan Mayu aka sako shi. Su ne fa masu mutuncin!

To, me ya faru a Nuwamba? Ranar 9 ga wata bangon Balin ya faɗi. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma su fetur suka shafa. Ranar 17 ɗalibai suka yi jerin gwano na tunawa da shekara 50 da 'yan Nazi suka rufe jami'o'in ƙasar, 'yan sanda suka ritsa su a kan titin Narodni suka yi musu dukan kawo wuƙa. Bayan 'yan kwanaki aka kirawo dakarun sa-kai na jam'iyya zuwa Firag, sannan aka ce su koma. Malaminmu zai ce ga tausayi nan. Ni kuwa na ce lissafi ne. Gorbacob ya riga ya nuna tankar Mosko ba za ta sake fitowa don kare kowa ba, kuma ma'aikatan da jam'iyya ke mulki da sunansu sun juya mata baya. Ranar 23 shugaban jam'iyya na Firag, Miroslav Stepan, ya je wata babbar masana'anta yana faɗa wa ma'aikata cewa babu ƙasar da yara ke zaɓa mata shugabanni, sai suka amsa masa da ihu: "Mu ba yara ba ne!" Kashegari Jakes da dukan majalisar ƙolin jam'iyya suka yi murabus. Ranar 27 aka yi yajin aikin gama-gari na awa biyu, ranar 29 majalisa ta goge sashen tsarin mulki da ya ba jam'iyya jagorancin ƙasa.

Ko a nan ɗin ma ba su saki kazar ba. Ranar 3 ga Disamba Firayim Minista Ladislav Adamec ya fito da wata gwamnati wai sabuwa, kujeru 15 na 'yan kwaminis, 5 na sauran jama'a. Wannan shi ne tuban muzuru, ana rantsuwa kaza na baki. Sai da mutane suka sake cika titi suna kaɗa makullai sannan Adamec ya sauka. Ranar 4 ga wata kuma, a Mosko, ƙasashen da suka yi mamayar 1968 suka yarda da bakinsu cewa kuskure ce. Wato an janye tabarmar da Husak ya shekara ashirin yana zaune a kai. Ranar 10 ya rantsar da gwamnatin Marian Calfa, ya ajiye shugabancin ƙasa. Ina ya ga wurin zama da zai ƙi tashi?

Wurin da ya fi ba ni dariya da haushi lokaci guda shi ne ranar 29 ga Disamba. Majalisar tarayya, wadda mafi yawan wakilanta 'yan kwaminis ne, ta zaɓi Havel shugaban ƙasa ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Mutumin da watanni kaɗan baya yake fursunansu! Ashe a duk zauren nan babu ko guda da ya yi imani da aƙidar da ya shekara da shekaru yana ɗaure mutane dominta, har ya iya cewa a'a? Hannun da ya saba ɗagawa in an ce ɗaga, shi ne dai ya ɗagu. Calfa, wanda ya lallashe su, shi ne mai wayon cikinsu: ya fice daga jam'iyya a Janairun 1990, ya ci gaba da riƙe kujerarsa har 1992.

In dai akwai mutunci a wannan labari, yana wurin ɗaliban da aka fasa wa kai ba su rama ba, da 'yan wasan kwaikwayon da suka mai da dandamalinsu zauren shawara, da 'yan Silobak na Biratislaba da suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Jama'a Masu Ƙin Tashin Hankali. Su ne suka sami iko a hannu suka ƙi ramuwa. Stepan ya ɗan ɗanɗana kurkuku, amma manyan ba su shiga ba. Husak ya rasu a 1991. Bilak ya kai shekara 96, ya mutu a 2014 ba a taɓa yanke masa hukunci ba. Jakes an gurfanar da shi kan abin da ya shafi 1968, kotu ta sallame shi a 2002. A 2019 aka sake tuhumarsa kan mutanen da aka kashe a bakin iyaka suna ƙoƙarin tserewa, ya mutu a 2020 yana da shekara 97 kafin a kai ga shari'a.

Na kai wa abokin aikin nawa wannan rubutu ya karanta kafin in aiko. Ya ce na cika zafi. Na ce ya yarda mu haɗa ajinmu biyu ranar Alhamis, ya faɗi tasa in faɗi tawa a gaban yaran.