Motoci Masu Ƙwanji: Na Jiya da Magadansu na Yau

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata gardama wadda ba ta ƙarewa duk inda ma'abota mota suka taru. Akwai wani irin mota da Amurkawa suka yi wa laƙabi da "mai ƙwanji", watau mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, wadda aka ɗauko injin babbar mota mai silinda takwas aka cusa mata. Dattawa su kan ce na zamaninsu su ne motoci, na yanzu kuwa kwamfuta ce aka yi wa tayoyi. Samari su kan ce tsofaffin ba su da kome sai ƙara da hayaƙi. Abin da za a nuna a nan shi ne, in an ɗora su bisa ma'auni, na yanzu sun rinjayi na da a wajen gudu da tsayawa da tsaron rai, kuma dokokin nan da a ke zargi da kashe tsofaffin su ne suka haifi wannan rinjaye. Amma akwai abu biyu da dattawan suka yi gaskiya a kansu, kuma ba ƙanana ba ne.

Mafarin al'amarin a shekarar 1964 ne. A lokacin kamfanin General Motors yana da ƙa'ida cewa kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da cikinsa ya wuce kimanin lita 5.4. John DeLorean, babban injiniyan reshen Pontiac, shi da abokan aikinsa suka zagaye ƙa'idar, suka mai da inji mai lita 6.4 wani ƙari da mai saye zai roƙa in ya so, suka kira motar GTO. A shekarar farko aka sayar da fiye da 32,000. A watan Afrilu na wannan shekara kuma kamfanin Ford ya fito da Mustang. Nan da nan gasa ta kaure. A 1966 kamfanin Chrysler ya fara sayar wa jama'a injinsa na tsere mai suna Hemi, mai lita 7, wanda aka ce yana da ƙarfin doki 425. A 1970 Chevrolet ya fito da Chevelle mai lita 7.4, aka rubuta mata ƙarfin doki 450.

Don a gane inda wannan ƙarfi ya fito, sai a tuna yadda inji ke aiki. Fistan ya kan sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya kunna musu wuta, su fashe su tura fistan ƙasa. Mai son ƙarin ƙarfi a wancan zamani hanya uku gare shi: ya faɗaɗa silinda, ya girka babban kafireto, ko ya tsananta matsin, har a matse cakuɗin ya koma kashi ɗaya cikin goma ko sha ɗaya na girmansa. Amma in matsi ya yi yawa fetur ya kan kama wuta kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace. Maganin da aka samo wa wannan tun 1921 shi ne zuba wani sinadarin dalma a cikin fetur. Watau ƙwanjin tsofaffin motocin nan a kan dalma ya dogara.

Sa'an nan ya kamata a yi hattara da lambobin da aka ambata. Kafin 1972 a kan auna ƙarfin inji ne yana tsirara bisa benci, babu matatar iska, babu cikakkiyar salansa, babu sauran kayan da su ke cin ƙarfinsa in yana cikin mota. Daga 1972 aka koma auna shi da kayansa duka. Injin Hemi ɗin nan a 1971 an rubuta masa lamba biyu, 425 bisa tsohon awo, 350 bisa sabon. Duk wanda ya gwada lambar 1970 da ta yau bai yi la'akari da wannan ba, ya auna hatsi ne da mudu biyu dabam dabam.

Zamanin bai kai shekara goma ba ya shuɗe. A 1970 majalisar Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska. Daga motocin 1975 aka fara sa wa galibinsu wata tukunya a bututun salansa, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinum, wadda ke ƙarasa ƙone dafin hayaƙi kafin ya fita. Dalma kuwa tana kashe wannan tukunya, sabo da haka dole aka koma fetur marar dalma, dole kuma aka rage matsi, ƙarfi ya faɗi. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi ga saurayi mai babban inji. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, aka yi ta jerin gwano a gidajen mai. GTO ta asali ta ƙare a 1974. Ma'abota gudu suka ce gwamnati ta kashe musu abin so, kuma har yau akwai masu faɗin haka.

Ga abin da ya biyo baya kuwa. Tukunyar tace hayaƙi ba ta aiki sosai sai in cakuɗin ya zo daidai, watau kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. Kafireto ba ya iya riƙe wannan ma'auni a kowane hali, gama sanyi da zafi da hawan tudu duk suna karkatar da shi. Tilas ta sa injiniyoyi suka girka wata na'ura a salansa mai shinshinar hayaƙi, da ƙaramar kwamfuta mai karɓar labarinta, da nozul masu fesa fetur gwargwadon umurninta. Suka ƙara wata na'ura mai sauraron ƙwanƙwasar inji, wadda ke sa a jinkirta wutar filogi kafin ɓarna ta auku, don haka aka iya mai da matsi sama ba tare da dalma ba. An ƙirƙiri kayan nan don tsabta, sai ga shi sun zo da ƙarfi. Mustang ta 2024 mai silinda huɗu kacal, lita 2.3, tana ba da ƙarfin doki 315 bisa sabon awo, watau ta kusa kamo Hemi mai lita 7. Dodge Challenger Hellcat ta 2015, wadda aka yi wa famfo mai ɗura iska cikin inji, tana ba da 707, ninki biyu na Hemin da. A tseren rubu'in mil daga tsaye, zakarun 1970 su kan ci sakan 13 zuwa 14, Hellcat kuwa kimanin 11.

Amma gudu ba shi ne babban bambanci ba. Masana sun tabbatar cewa in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya kan ninka sau huɗu, kuma duk zafi ya ke komawa. GTO ta 1964 birkin ganga gare ta a ƙafafu huɗu, irin na motar iyali da aka samo ta daga gare ta, kuma ganga in ta yi zafi sai ta daina kamawa. Tayoyinta sirara ne. Doki ne ingarma aka sa wa linzamin jaki. Na yanzu suna da birkin faifai, da na'urar hana taya kullewa, da wata mai taka wa ƙafa ɗaya birki ita kaɗai in mota ta fara zamewa, wadda doka ta wajabta ga sababbin motocin Amurka daga na 2012.

Mutane da yawa sun gaskata cewa kaurin ƙarfen tsohuwar mota kariya ne. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba, kowace tana gudun mil 40 a sa'a. Ɗakin direban tsohuwar ya rufta, sitiyari ya yo kan mutum-mutumin da aka zaunar, na sabuwar kuwa ya tsaya cik. Dalili shi ne an ƙera gaban sabuwar don ya lanƙwashe ya shanye dukan, ɗakin mutane ya tsira. A 1972 mutum fiye da 54,000 suka mutu a hanyoyin Amurka. A tsakiyar shekarun 1960 a kan rasa fiye da rai biyar a kowace tafiyar mil miliyan 100, yanzu kuwa adadin bai kai ɗaya da rabi ba. Ta wajen hayaƙi kuma, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa sabuwar mota ta rage dafin da ta 1970 ke fitarwa da kimanin kashi 99 cikin 100. Dalma, wadda ke dakushe ƙwaƙwalwar yara, an haramta ta a fetur ɗin motocin Amurka a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka bar ta a 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021.

To, ina dattawa suka yi gaskiya? Na farko, kuɗi. Plymouth Road Runner ta 1968 ba ta kai dala 3,000 ba, saurayi mai aikin ma'aikata ya iya sayenta. Hellcat ta fito a kan kusan dala 60,000, kuma ko an yi lissafin faɗuwar darajar dala ta fi ninkin wancan kuɗi. Na biyu, gyara. Tsohon inji mai sufana da sukudireba da kunne ya ishe shi. Sabon kuwa sai an jona masa na'ura ta karanta ciwonsa, wani ciwon ma kamfani kaɗai ke da mabuɗinsa, har ta kai mutanen jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, don a tilasta wa kamfanoni buɗe wa makanikai ilmin. Wannan ya shafi masu sauraro kai tsaye, gama motocin Amurka na hannu suna sauka a tashoshin Tema da Lome da Kwatano, su faɗa hannun makanikai irin na Suame a Kumasi. Makaniken da bai koyi karanta na'urar nan ba sai lalube, wanda kuma ya cire tukunyar tace hayaƙi don ya sayar da ƙarfen cikinta, ya mai da motar baya shekara hamsin, kuma yaran unguwarsa ne za su shaƙa.

Akwai kuma laifin da ya rataya a kan na yanzu su kaɗai. Ilmin da zai iya rage shan mai ƙwarai an karkatar da yawancinsa ga ƙarin ƙarfi da ƙarin nauyi. Hellcat tana cin kimanin mil 13 a galan cikin gari, kuma kowace lita ta fetur da aka ƙona tana fitar da fiye da kilo biyu na iskar da ke ɗumama duniya, wadda babu tukunyar da ke tacewa. Babu kuma hanyar jama'a da ke da wurin dawaki 707. Kamfanin da kansa ya san haka, gama mabuɗi iri biyu ya riƙa bayarwa, ja mai sakin ƙarfin duka, da baƙi mai tsayar da shi a 500. A ƙarshen 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro, a 2024 kuma Dodge ya fito da Charger mai aiki da lantarki, wadda aka yi wa na'ura ta musamman don ta riƙa kwaikwayon rurin injin da babu shi. Ashe abin da mai saye ke nema tun farko ba gudu kaɗai ba ne, har da a ji shi a waiwaya.

Hukuncin da ya fito daga wannan awo a fili ya ke. Tsohuwar mota mai ƙwanji abin tarihi ce, ta cancanci a adana ta a fito da ita ranar taro, kuma masu kuɗi sun gane haka, gama a 2014 an yi gwanjon wata Plymouth mai injin Hemi ta 1971 a kan dala miliyan uku da rabi. Amma kowa ya ce ta fi magajiyarta nagarta, bara ya ke tunawa, ba motar ba. Mai sauraro a Amurka ko Saudiyya wanda ɗansa ya matsa masa a saya masa irin wannan mota, tsohuwa ko sabuwa, kada ya fara da tambayar dawaki nawa ne a cikinta. Ya tambayi taku nawa ta ke ci kafin ta tsaya, da wanda zai gyara ta in ta lalace, da kuma ko hannun da zai riƙe sitiyarin ya isa.