A Ciyar Da Masu Fasaha Tun Suna Raye

Birnin Bauchi ya iya karrama matattu. Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, yau ga jami'ar jiha a Gaɗau tana ɗauke da sunansa. Madalla. To, amma wane tanadi aka yi wa mawaƙi ko marubucin da ke raye a Bauchi, wanda tukunyar gidansa ba ta hau murhu ba tun jiya?

'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan sun fi kowa sanin amsar. Su ne ke ganin makaɗa suna sauka daga motar shanu, suna bin bukukuwan fatake, suna zuba kirari don a yi musu liƙi. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mawaƙin da abincinsa ke aljihun mai mulki ba zai taɓa gaya masa gaskiya ba. Da Zungur maroƙin fada ne, ai da bai iya yi wa sarakuna gargaɗi a "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ba.

Akwai hanyar fita, kuma an gwada ta. A 2022 ƙasar Ayalan ta ɗebi masu fasaha 2,000 ta hanyar ƙuri'a daga mutum fiye da 9,000 da suka nema, tana ba kowannensu Yuro 325 duk mako, ba tare da an ce ya yabi kowa ba. A 2025 gwamnatin ƙasar ta ba da sanarwar cewa shirin zai ɗore.

Masu cewa babu kuɗi su ɗauki alli. Mutum biyar daga kowace ƙaramar hukuma 20 ta Jihar Bauchi, a biya su mafi ƙarancin albashin 2024, Naira 70,000 a wata: Naira miliyan 84 ke nan a shekara. Masu cewa za a haifi malalata kuwa, ba su taɓa ganin marubuci yana sayar da katin waya da rana, yana rubutu da tocilan da dare ba.

Abin tsoro guda ne, kada shirin ya koma ladan 'yan amshin shata. Saboda haka a kafa shi da dokar Majalisar Jiha, a jefa ƙuri'ar a bainar jama'a, kada kwamishina ya sa hannu a zaɓe. Ƙungiyoyin 'yan Bauchi na Kudu su rubuta wa wakilan mazaɓunsu kafin a karanta kasafin kuɗin baɗi.