Tashar Zawaciki Na Jiran Jirgi

Kano ba ta da teku, amma ta taɓa samun bakin ruwa nata, can a Baro, ƙasar Agaie ta Jihar Neja ta yau. Jiragen ruwa kan hauro kogin Kwara, su wuce Lakwaja, su sauke fasinja da haja a Baro, daga nan kuma sai dogo. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, ya iso birni a 1911. Da aka haɗa shi da layin Legas a Minna sai tauraron Baro ya dusashe, Kano kuwa kasuwa ta buɗe mata. Gyaɗa da fata da ƙirgi suka sami mafita, dalar gyaɗa ta tashi, su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Unguwar masana'antu ta Bompai kanta a gefen dogo ta girma.

Yau fa? Mai kamfanin roba a Sharaɗa da mai jima a Challawa duk tirela suke jira daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, tafiyar sama da kilomita 1,000. Ga tsadar man dizal, ga ramuka, ga shingayen da kowannensu sai an miƙa na goro. Wannan kuɗi a kan farashin buta da takalmi yake sauka, ko kuma a kan ma'aikacin da aka sallama. Fatake masu zuwa kudu ma sun koma manyan motocin Sabon Gari, suna kwana a hanya da fargaba.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro, aka yi ta murna, sannan ta zauna shekaru ba jirgi. A Janairun 2023 ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, maƙwabciyar Challawa. Na yi farin ciki da ita ƙwarai, don kwastan a ƙofar gida ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai tashar tsandauri dogo ne ruwanta. Muddin kwantena a bayan tirela za ta zo, rabin wahalar na nan.

Tun 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. 'Yan majalisarmu da ƙungiyar masu masana'antu, ku haɗa kai ku matsa a kammala su, a kuma tabbatar jirgin kaya na shiga Zawaciki a kai a kai.