Makin Hausa a jarrabawar firamare: Tambayar da soke manufar harshen uwa ta bari ba amsa

A watan Nuwambar 2025 ne Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da yara da harshen uwa, tare da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakan karatu. Manufar ba ta wuce shekara uku ba, domin a ƙarshen 2022 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, bisa tanadin cewa za a koyar da yaro da harshensa a shekaru shida na firamare. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi rungumar harshen uwa.

Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan harshen da malami zai yi bayani da shi. Sai dai akwai tambayar da ta fi shafar aljihun iyaye da jadawalin makarantu: tunda yanzu Hausa da Yarbanci da Ibo sun koma darussa kawai, maki nawa za su ɗauka a jarrabawar da ke kai yaro sakandare?

A jarrabawar shiga makarantun haɗaka ta Gwamnatin Tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa, ana gwada yaro a Lissafi da Ingilishi da Kimiyya da sanin zamantakewa da kaifin tunani. Babu takardar harshen gida ko ɗaya. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin makaranta da na lesin, da ma'aikacin da ke cire su daga albashinsa, sakamako suke sa ido a kai, shi kuma mai makaranta ya san haka. Darasin da ba ya kawo maki shi ake fara ɗauke wa lokaci idan jarrabawa ta matso, ko da kuwa an rubuta shi a manhaja. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi amfani da harshen uwa a azuzuwan farko, amma jarrabawar shiga makarantun haɗaka ba ta ba tanadin haƙori ba.

Ƙasar Singafo ta taɓa tsayawa a wannan mararraba. A can ma da Ingilishi ake koyarwa, amma jarrabawar kammala firamare tana da darussa huɗu masu nauyi ɗaya: Ingilishi, Lissafi, Kimiyya da harshen uwa, wato Sinanci ko Malay ko Tamil. A 2010 Ministan Ilimi na lokacin, Ng Eng Hen, ya nuna cewa ana duba yiwuwar rage nauyin harshen uwa, ganin cewa yara da dama sun taso a gidajen da Ingilishi ake yi, suna shan wahala da Sinanci. Jama'a suka tayar da jijiyar wuya, aka yi gangami a filin Hong Lim, aka tattara sa hannu. A watan Mayun shekarar Firayim Minista Lee Hsien Loong ya fito ya ce ba za a rage ba, hanyar koyarwa da ta gwaji ce za a gyara. Ko da aka sauya tsarin ba da maki a 2021, harshen uwa bai rasa matsayinsa na ɗaya daga cikin huɗu ba.

Masu gangamin sun fahimci cewa ranar da aka rage makin, ranar iyaye za su janye hankalinsu daga darasin. Wannan darasi ya shafi Najeriya kai-tsaye. Amma kwafo kashi 25 cikin 100 na Singafo ba zai yi adalci a nan ba. Su harsuna uku suka tsayar a hukumance, Najeriya kuwa tana da sama da 500, da yawa daga cikinsu ba su da littattafan aji ko ƙwararrun malamai. Ɗan Ibo da ke Sabon Garin Kano, ko ɗan Tangale da iyayensa ke aiki a Kaduna, bai kamata ya rasa gurbin sakandare ba saboda an ɗora masa takarda mai nauyi a harshen da ba a koya masa da kyau ba.

Mafita tana tsakiya: a sanya takardar harshen Najeriya guda, yaro ya zaɓi nasa ko na garin da yake zaune, a ba ta kaso matsakaici, misali ɗaya bisa goma na jimillar maki, sannan a ƙara gwargwadon samun malamai da littattafai. Takardar ta gwada iya karatu da fahimta da rubutu, domin yaron da ya iya karanta labari da Hausa ya bayyana ma'anarsa ya riga ya mallaki dabarar da zai karanta Ingilishi da ita. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba.

Hausa na cikin harsunan da suka fi shiri. Tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da adabin zube tun daga 1930 da 'yan kai, da sassan nazarinta a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo. Kuma tunda makarantun firamare na gwamnati a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, jihohin Arewa ba sa buƙatar jiran Abuja kafin su sa takardar a jarrabawarsu ta shiga sakandare. Abin da zai ci lokaci shi ne horar da malamai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin kuɗin ilimi na jihohi da jadawalin jarrabawa mai zuwa su ne za su nuna wace jiha ce ta ɗauki harshen 'ya'yanta da gaske.