Ciwon Haƙorin Da Ba Daga Haƙori Yake Ba



A hunturun da ya wuce wata baiwar Allah mai kimanin shekara 55 ta zo kantinmu daga Malkohi, ta rufe rabin fuskarta da mayafi. An riga an cire mata haƙora biyu, ta sha farasitamol har ta gaji, ciwo na nan. Na tambaye ta yadda yake zuwa. Ta ce: "'Yata, kamar wutar lantarki ke jan kuncina. Ruwan alwala ma tsoronsa nake yi."

Da jin haka na tura ta wurin likita, domin wannan siffar ciwon jijiyar fuska ce. Yakan kama gefe ɗaya, ya zo kwatsam, ya ɗauki daƙiƙa kaɗan zuwa minti 2, ya lafa. Ya fi samun waɗanda suka haura shekara 50, musamman mata.

Ga abin da ke faruwa. A kowane gefen fuska akwai babbar jijiya mai rassa uku: na goshi, na kunci da na muƙamuƙi. A cikinta akwai dubban zaruruwa a jere, kowanne yana kai saƙo ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki, kuma da yawansu suna da rigar kitse, kamar robar da ke jikin wayar wuta. Yawanci wata jijiyar jini ce ke danne jijiyar kusa da ƙwaƙwalwa, bugunta ya yi ta gogar rigar har ta sale. Idan zaruruwan da suka sale suka matsu da juna, lantarkin ɗaya yakan tayar da maƙwabcinsa ko babu mahaɗa a tsakaninsu. Tun 1940 Bernard Katz da Otto Schmitt suka nuna irin wannan tasiri a jijiyar ƙaguwa a Landan. Masana na ganin ta haka saƙon taɓawa ke tsallakawa zuwa zaren raɗaɗi. Shi ya sa iskar hunturu, asuwaki, tauna ko magana kawai ke tayar da azaba.

Tun da matsalar ta lantarki ce, magungunan ciwo na yau da kullum ba sa tsinana komai. Wanda likitoci ke fara bayarwa shi ne kabamazafin, da aka fi sani da Tegretol. Maganin farfaɗiya ne, yana kwantar da zaruruwan da ke tashi barkatai. Amma a kula:

Kada a saya sai da takardar likita. Da kaɗan ake farawa, domin yana sa jiri da barci.

Idan ƙuraje suka feso, ko zazzaɓi, ko baki ya yi gyambo, a garzaya asibiti a ranar.

Yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar hannu. Mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita tun farko.

Kada a daina sha rana tsaka don an ji sauƙi.

Idan mai ciwon matashi ne, ko fuskar ta mutu ba ta jin taɓawa, ana bukatar hoton ƙwaƙwalwa. Mazauna Yola da Jimeta na iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Wanda magani bai yi masa ba, akwai tiyatar da ake raba jijiyoyin biyu.

Mamar nan ta dawo bayan wata guda, fuska a buɗe, tana alwalarta lafiya. Haƙoranta biyu kam sun tafi. Don haka kafin a cire na uwarki ko na mahaifinka, a bayyana wa likita yadda ciwon ke zuwa dalla-dalla.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.