Tsadar Aure: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a unguwar Gwadabawa ta Jimeta bayan sallar Isha'i, ba zai daɗe ba sai ya ji an ɗauko zancen aure, kuma ba zai daɗe ba sai ya ji wani ya ce shi kam ya haƙura, don bai ga abin da auren zai ƙara masa ba in ban da bashi. Dattawan da ke jin wannan magana sukan girgiza kai su ce yaran zamani sun lalace. Amma kafin a yanke musu hukunci, ya kamata a zauna a yi lissafin da su suka yi, domin maganar tasu ta fi kama da kukan mai awo a kasuwa, ba ta mai ƙin sunna ba.

Saurayin da ya ga yarinya a Luggere ko Rumde ko Nassarawo, tun kafin a kai ga liman, zai kai kuɗin na-gani-ina-so, ya kai na gaisuwar iyaye, ya kai kayan sa rana, sa'an nan ya shiga haɗa lefe, akwati bisa akwati, da atamfa da leshi da mayafai da takalma da sarƙa, waɗanda mata za su zo su ƙirga ɗaya bayan ɗaya, su kuma kai labari gida-gida. Bayan wannan ga kamu, ga sa lalle, ga wuni, ga dina a zauren haya da mai hoto da mai kiɗa, ga anko wanda ke tilasta wa ƙawaye da dangi su ɗinka abin da ba su yi niyya ba. Ana cikin haka ne aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, komai ya tashi, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai wuce naira 70,000 a wata ba. Ɗan tireda da mai tuƙa Keke Napep kuwa ba su ma san wannan albashi ba.

Abin mamaki shi ne, duk sa'ad da aka tashi gyara, sai a ji ana cewa a rage sadaki. To, ina laifin sadaki? A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami uku, kuma a mafi yawan aure shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da ango ke kashewa. Shi ne kuma abu guda da shari'a ta ce haƙƙin matar ne ita kaɗai, ba na uba ba, ba na gwaggo ba. Fulanin daji na ƙasar Adamawa sun fahimci wannan tun da daɗewa, don sukan ba da saniya a matsayin sadaki, ta zama ta matar, ta haihu, 'ya'yanta su haihu, ko da zama ya ƙi daɗi matar ba ta fita hannu banza. A cikin gari kuwa an mai da sadaki abin da ake faɗa a kunnen liman cikin minti ɗaya, an kai ƙarfin aljihu ga abin da za a cinye a kwana bakwai.

Haka nan kayan ɗaki. Gaskiya ne sun karya bayan iyaye da yawa, har akwai uban da ya sayar da gona ko fili don kada a yi wa 'yarsa gori ranar jere, kuma akwai 'yammatan da suka daɗe a gida ba don rashin manemi ba, sai don babu gado da kujeru da gara. Duk da haka, mai neman a soke kayan ɗaki baki ɗaya ya tuna cewa mallakar matar ne. A da kwalla da tasoshi da ake jerawa har rufin ɗaki su ne asusun mace. In ciwo ya zo, ko miji ya gaza, ko aka ba ta takarda, su take ɗagawa ta kai kasuwa. Wanda ya raba ta da su bai ba ta wani abu a madadinsu ba, ya sauƙaƙa wa namiji ne kurum, shiga da fita.

A nan ne labarin Kano yake da amfani. A watan Janairu na 2009, Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fito da matan da aka saka kan titi don su nuna yawansu, Hukumar Hisba ta hana. Amma kukan ya shiga kunne. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka ɗaura auren zawarawa 100 a rana ɗaya da kuɗin gwamnati, a ƙarshen 2013 aka ɗaura 1,111, a 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya yi na 1,500, sa'an nan a watan Oktoba na 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya aurar da 1,800, aka ware wa aikin fiye da naira miliyan 800. A wannan na ƙarshe an biya wa kowane ango sadakin naira 50,000, an ba amarya gado da katifa da sauran kayan ɗaki da ɗan jari, an kuma yi gwajin lafiya kafin a ɗaura.

Abin lura a nan shi ne abin da gwamnatin ta zaɓa ta biya da abin da ta bari. Ta biya sadaki, ta sayi kayan ɗaki, ta ba da jari, wato duk abin da zai zauna a hannun mace. Ba ta yi wa kowa dina ba, kuma babu wanda ya ce auren bai ɗauru ba. Sai dai wannan hanya ma tana da iyakarta, domin gwamnati tana iya biyan ranar ɗaurin aure, amma ba za ta yi cefanen washegari ba, shi ya sa Hisba ta riƙa gargaɗin angwaye kada su yi saki ba da saninta ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ma ya taɓo wannan ciwo a 2017, da ya nemi a yi dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Doka kaɗai dai ba ta taɓa maganin wannan cuta ba. Tun 1956 tsohuwar Jihar Gabas ta kafa dokar da ta ƙayyade kuɗin aure kada ya wuce fam 30, jama'a suka ji da kunne suka ci gaba da abin da suka saba. Dalili kuwa a fili yake: gasa ce tsakanin gida da gida, kuma ba wanda yake so ya zama na farko da zai sauke kaya. Uwar da ke kukan tsadar lefen ɗanta a bana, ita ce za ta ƙirga zannuwan 'yarta a baɗi ta ce ba su kai na 'yar maƙwabta ba.

Saboda haka in akwai masu iya karya wannan gasa a Jimeta da Yola, masu hali ne da masu sarauta da manyan ma'aikata, waɗanda ba wanda zai ce talauci ne ya sa suka taƙaita. Ranar da attajiri a Gwadabawa ya aurar da 'yarsa da walima ɗaya bayan La'asar, ya ce kuɗin dina da na rabin lefe a ƙara su a kan sadaki a saya wa yarinya karsana ko keken ɗinki da sunanta, limamin da ya ɗaura auren ya kuma faɗi haka a gaban jama'a, to maƙwabcinsa mai facin taya zai sami abin da zai kafa hujja da shi in surukai suka tambaye shi akwati nawa zai kawo.