NAZARI: Dokar kitse na kan takarda, jijiyoyin jini na toshewa

A ƙasar Hausa har yanzu ana yi wa mai teɓa kallon wanda ya samu duniya. A likitance kuwa, teɓa gargaɗi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba fiye da kima. Ta kuma ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu tasowa.

Ɓarnar takan fara ne a ɓoye. Kitsen da ya taru a ciki yana sakin sinadarai masu haddasa kumburi, waɗanda ke raunana shimfiɗar cikin jijiya. Daga nan mugun kitsen jini, wato LDL, sai ya kutsa bangonta, wasu ƙwayoyi masu ɗauke da iskar oksijin su lalata shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Fararen ƙwayoyin jini su haɗiye shi, su maƙale, su zama dasƙararren tarin da ke ƙuntata hanya. Ranar da tarin ya fashe, jini ya guda a wurin, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Gwamnati ta san da haka. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, harajin da hauhawar farashi ta cinye. Ƙa'idar NAFDAC ta 2022 kuma ta taƙaita kitsen masana'antu mai cutarwa zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai.

Sai dai talaka ba a kanti yake sayen mai ba. A kasuwa ake auna masa a kwalba marar tambari, kuma mai ƙosai ko awara, saboda tsada, takan maimaita suya da mai guda har ya yi baƙi. Kowace suya tana ƙara lalata shi.

Laifin bai tsaya kan mai tuya ba. Abin tambayar hukuma shi ne: samfuri nawa ta gwada a kasuwanni, kuma ina sakamakon? Idan ba a bibiya ba, iyalai ne za su biya, daga aljihunsu, a gadon asibiti.